Tukunya, Kwarashi da Rosari: Tambayoyin da Matan Katolika Ke Yawan Yi Kan Rayuwar Gida

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta dawowa a taron Zumuntar Mata Katolika, da bakin coci bayan an tashi Mas, da wajen koyon saƙa. Galibin masu yin su amare ne da matan da suka shigo Katolika ta hanyar aure, amma har iyayenmu mata sukan yi gardama a kan wasunsu. Iyalan Arewa ne a raina da nake amsawa, daga Kafanchan da Jos har Zariya, Kontagora da Malumfashi, inda da Hausa ake addu'a, da Hausa ake cefane. Inda abu dokar Ikkilisiya ne zan ce doka ce. Inda ra'ayina ne zan ce nawa ne. Abin da ya shafi halin da ke kanki ke kaɗai kuwa, ki kai shi wurin Fadan cocinku.

Me ake nufi idan aka ce gida ƙaramar ikkilisiya ne?

Babban taron Vatican na biyu ne ya farfaɗo da wannan magana, a takardar da ya fitar kan Ikkilisiya a 1964, inda ya ce iyaye su ne masu fara yi wa 'ya'yansu shelar bangaskiya, da baki da kuma hali. Yaro yakan ga Fada ko katikis sau ɗaya ko biyu a mako. Ke da mahaifinsa kuwa kullum yana kallon ku: yadda kuke rabon nama, yadda kuke karɓar baƙo, abin da kuke faɗa a kan maƙwabciya bayan ta fita. A nan yake koyon ko addinin da ya ji ranar Lahadi gaskiya ne.

Shi ya sa ba na raba girki da saƙa da addu'a gida uku. Rana ɗaya ce, mace ɗaya ce, ƙarfinta kuma yana da iyaka. Abin da Ikkilisiya ta wajabta kaɗan ne, a fili yake. Sauran duk al'adu ne masu kyau da za ki ɗauka gwargwadon abin da gidanki zai iya.

Daga asuba har dare ba na zama. Wace addu'a ce bai kamata in bari ba?

Ki riƙe guda uku. Alamar gicciye da miƙa ranar ga Allah da kin farka, tun kafin ki hura wuta. Addu'a kafin cin abinci, kowa da kowa, ko da garau-garau ne. Sai ta dare tare da yara: Ubanmu, A Gaishe Ki Maryamu, Ɗaukaka ga Uba, sannan kowa ya ambaci mutum ɗaya da yake so a yi wa addu'a. Duka ba su wuce minti goma ba.

Idan kina kusa da cocin da ke kaɗa ƙararrawa, addu'ar Mala'ikan Ubangiji tana zuwa ƙarfe 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma. Ana iya yin ta a tsaye a gaban murhu, muciya a hannu. Ta tsakar rana ita ce na fi so wa matar gida, domin tana faɗowa daidai lokacin da gajiya da faɗa da yara suke fara hawa kai.

Yarana barci suke yi ko rigima idan an fara Rosari. In bari sai sun girma?

Kada ki bari, ki dai rage. Asiri ɗaya, wato kashi ɗaya na Rosari da ake tuna wani abu daga rayuwar Yesu da Maryamu, ya ishe gidan da ke da ƙananan yara: Ubanmu ɗaya, A Gaishe Ki Maryamu goma. Ki yi shi kafin tuwon dare, domin bayan tuwon masara da miyar kuka babu yaron da zai kai ƙarshe idonsa biyu. Ki ba kowane yaro aiki, wannan ya kunna kyandir, wancan ya faɗi sunan asirin, babban ya ja addu'ar. Kafin a fara, ki ba da labarin asirin a taƙaice kamar tatsuniya: mala'ika ya zo wurin wata budurwa a Nazarat, ta tsorata, ga abin da ya ce mata.

Asiran guda 20 ne tun 2002, lokacin da Fafaroma John Paul na Biyu, wanda ya zo Kaduna a 1982, ya ƙara Asiran Haske. Na Farin Ciki ana yin su Litinin da Asabar, na Baƙin Ciki Talata da Juma'a, na Ɗaukaka Laraba da Lahadi, na Haske ranar Alhamis. A watan Mayu da Oktoba, da aka keɓe wa Uwargida Maryamu, sai a gwada yin cikakkun asirai biyar, ko a haɗu da maƙwabta ana zagaya gidaje. Idan Rosarin gidan sun tsinke, duba amsar da ke ƙasa kan Rosarin igiya.

Rosari ya tsinke, ganyen dabinon bara ya bushe, hoton waliyyi ya yage. Zan iya zuba su a shara?

A'a. Abin da aka sa wa albarka ba a haɗa shi da shara. Wanda ke ƙonewa a ƙone shi a binne tokar, wanda ba ya ƙonewa a binne shi a inda ba a takawa. Ruwa mai tsarki da ya daɗe a zuba shi a gindin shuka. Ganyen da aka sa wa albarka a Lahadin Dabino kuwa ki adana, domin coci da yawa suna karɓarsa kafin azumi, shi ake ƙonawa a sami tokar da ake shafawa a goshi ranar Larabar Toka.

Laifi ne in yi girki ko wanki ranar Lahadi?

Doka ta 1247 a kundin dokokin Ikkilisiya na 1983 ta ce a halarci Mas, a kuma guji ayyukan da ke hana sujada, ko murnar ranar, ko hutun jiki da zuciya. Girki ba ya cikin abin da aka hana, iyali sai sun ci. Wankin nafkin jariri ko kula da mara lafiya ma haka. Amma tara wankin mako guda, da sussukar masara, da goge-goge, a ce sai Lahadi, wannan ya saɓa wa manufar ranar.

Dabarar tana ga Asabar. Ki yi markaɗe da yamma, ki soya miyar tumatir ki ajiye, ki tsince shinkafa, a goge kayan coci a rataye, a nemo takalman yara tun da dare. Idan kun dawo Mas, shinkafa kawai za a ɗora. Wadda aikinta ya hana ta safiyar Lahadi, kamar ma'aikaciyar jinya, ta sani Mas ɗin yammacin Asabar yana cika wajibin, haka doka ta 1248 ta ce. Game da saƙa, a ganina idan don nishaɗi kike yi kina hira da iyali, hutu ne. Idan kayan mai saye ne kike gaggawar gamawa, aiki ne, ya jira Litinin.

Duk aikin gida a kaina yake, maigida da yara maza ba sa taɓa komai. Haka addini ya ce?

Ba haka ya ce ba. Ana yawan karanta mana Karin Magana sura 31 a wajen aure, macen da ke neman ulu da lilin, mai tashi tun da sauran duhu. Amma a karanta surar duka: tana da 'yan mata masu taya ta aiki, tana sayen gona, tana cinikinta, mijinta kuma yana yabon ta a fili. Wasiƙar Afisawa 5:25 ta umarci miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Kristi ya ƙaunaci Ikkilisiya har ya ba da ransa. Mai shirin ba da rai bai kamata jarkar ruwa ta gagare shi ba.

Labarin Marta da Maryamu a Luka 10:38-42 ma akan juya shi a kanmu. Yesu bai ce girkin Marta banza ne ba, damuwar da ta cika mata rai ya yi magana a kai, kuma Ikkilisiya tana girmama ta a matsayin waliyya ranar 29 ga Yuli. Idan ana so uwa ta sami zaman da Maryamu ta samu, dole wani ya karɓi wani abu daga hannunta. Ki fara da 'ya'yanki maza tun suna ƙanana: ɗan shekara bakwai zai iya wanke kwanonsa, ɗan shekara goma sha biyu zai iya dafa taliya. Da maigida kuma ki zaɓi lokacin da rai ke kwance, ki roƙi abu takamaimai, misali ya riƙa yi wa yara wanka safiyar Lahadi. Ya fi a ce masa "ba ka taimakona", wanda ba ya haifar da komai sai musu.

Zan iya ba yara kunu kafin mu tafi Mas?

Mai karɓar Jibin Ubangiji zai kame daga abinci da abin sha na awa ɗaya kafin karɓa, ban da ruwa da magani. Daga lokacin karɓa ake lissafi, ba daga fara Mas ba. Mas ɗinmu na Lahadi, da waƙoƙi da wa'azi da baiko, yakan daɗe kafin a kai wurin, don haka kunun da aka sha a gida kafin a kama hanya da wuya ya shiga cikin awar. Tsofaffi da marasa lafiya da masu jinyarsu an ɗauke musu. Yaran da ba su fara karɓa ba kuwa dokar ba ta hau kansu ba, ki ciyar da su su ƙoshi, ki sami sauƙin zama.

Mene ne ainihin dokar azumi? Wasu suna cewa daga shida zuwa shida ba ruwa.

Abu biyu ne ake haɗawa. Akwai azumi, akwai ƙin cin nama. Azumin da aka wajabta kwana biyu ne kacal a shekara: Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Ubangiji. Ya hau kan wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60. Yadda ake yin sa shi ne cikakken abinci sau ɗaya, sai ɗan abin taɓawa sau biyu wanda bai kai wani cikakken abinci ba. Ruwa ba ya karya shi, wannan kuwa rahama ce, ganin cewa lokacin azumi, kwana arba'in kafin Ista, yakan kai mu cikin zafin Maris da Afrilu. Ƙin cin nama ya hau kan duk wanda ya kai shekara 14, a waɗannan kwana biyu da kowace Juma'a ta lokacin azumi. Sauran Juma'o'in shekara ma ranakun tuba ne, ki tambayi Fada yadda ake kiyaye su a dayosis ɗinku.

Azumin shida zuwa shida da mutane da yawa suke yi ibada ce ta ganin dama. Mai iyawa ya yi, Allah ya karɓa, amma kada a ɗora wa kowa. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga ko gyambon ciki, da mai shan magani a kan lokaci, ba a neman su da azumi. Ina jin zafi idan na ga mai goyo tana jiri a bakin murhu don kada a ce ba ta da himma. Ki ci, 'yar'uwa, ki nemi wata sadaukarwar: ki bar gulma, ki je Hanyar Gicciye ranar Juma'a, ki ɗebi mudu ɗaya daga hatsinki ki kai wa gwauruwa.

Me zan dafa ranar da ba a cin nama, yara su ƙoshi ba tare da ƙorafi ba?

A wannan fannin mu 'yan Arewa mun yi sa'a, rabin abincinmu dama ba ya neman nama. Akwai faten wake da manja da alayyafo, ɗanwake da mai da yaji da dafaffen ƙwai, alala, ƙosai da kunun tsamiya, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, gwaten acca ko na tsakin masara da yakuwa da gauta, faten dankalin turawa irin na Filato. Miyar kuka ko kuɓewa da ta ji daddawa da kifi banda ba ta bukatar komai kuma. Kifi, ƙwai, madara da man shanu duk an yarda da su. Kaza, zabo da talo-talo nama ne, haka ma kayan ciki da ganda.

Awara ita ce ta fi cika ido idan yara sun saba ganin abu a kan shinkafa. Ki jiƙa waken suya ya yi laushi, ki kai markaɗe, ki ƙara ruwa ki tace da kyalle mai laushi. Ki ɗora madarar a wuta, ki tsaya a kanta domin tana saurin zubowa. Da ta tafasa sai ki riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, na kamu da ya kwana ko na tsamiya, har ki ga ta dunƙule tana iyo, ruwan ya koma garai-garai. Ki kwashe a kyalle, ki sa gishiri da attaruhu da albasa, ki ɗaure ki danne da dutse. Idan ta tsane ki yanka ki soya, sannan ki jefa a miyar tumatir ta ɗan sha. Idan ruwan tsamin ya yi yawa za ta yi tauri da tsami, shi ya sa ake zubawa a hankali.

Abu ɗaya da nake jan kunne a kai: idan aka bar naman dubu ɗaya aka sayi kifin dubu uku, an kiyaye doka, amma ba a yi tuba ba. Abin da aka rage daga cefanen Juma'a hakkin mabukata ne.

Dunƙulen miya mai ɗanɗanon kaza fa, ko sauran miyar jiya da aka dafa da nama?

Dokar da Fafaroma Paul na Shida ya tsara a 1966 cin nama ta hana, ba ta hana kayan ɗanɗano ba, ko da an yi su da kitsen dabba. Don haka dunƙule ba matsala. Miyar jiya kuma, idan ita ce abin da ke akwai, ki tsame naman ki ajiye wa gobe, a ci miyar. Zubar da abinci don tsoron karya doka ya fi muni.

Wake da masarata suna ƙwari kafin azumi ya zo. Wane magani zan zuba?

Kada ki zuba maganin ƙwari na feshi ko na gona a abin da za a ci. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan masu zuba irin su Sniper a wake, guba ce da wanki ba ya tabbatar da fitarta. Ki shanya hatsin ya bushe ƙarau, har ƙwayar ta fashe da ƙara idan kin ciza. Sannan ki zuba a jarka mai murfi da ta bushe sarai, ki cika ta har wuya, ki rufe gam, ko ki sayi buhun PICS mai ninki uku, ki ɗaure kowane ninki daban. Ƙwarin iska suke shaƙa, idan ta ƙare sai su mutu. Sharaɗin shi ne kada a riƙa buɗewa, don haka ki ware na cin wata guda a wani mazubi.

Maƙwabtanmu Musulmi ne. Yaya zan yi da abincin Kirsimeti, kuma zan iya cin naman Sallah?

Za ki iya ci. Markus 7:19 ya nuna abinci ba ya ƙazantar da mutum, kuma takardar da taron Vatican na biyu ya fitar a 1965 ta yi maganar Musulmi da girmamawa, ta ce a nemi fahimtar juna. Kwanon da ya shigo ranar Sallah ki karɓa hannu biyu, kada ya koma wayam. Idan an kawo nama ranar da ba kya ci, ki yi godiya ki soya ki ajiye.

Na Kirsimeti kuma, tsohuwar al'adar gidaje da yawa ita ce a kira maƙwabci Musulmi ya yanka kazar ko akuyar, don kowa ya ci hankali kwance. Ina goyon bayanta ƙwarai. Idan gidanku ana cin naman alade ko ana shan burkutu, ki ware tukunya da kwanon da ba sa taɓa su, kuma ki faɗi gaskiya idan an tambaye ki. Wanda ya ƙi karɓa kada ki riƙe shi a rai, cin-cin da lemon kwalba da ɗanyar shinkafa ma kyauta ce. A shekarun nan azuminmu da nasu suna haɗuwa, a 2025 an fara Ramadan a farkon Maris, Larabar Toka ta faɗo 5 ga watan. Ƙosai da kunun da kika yi na Juma'a, ki aika musu da shi lokacin shan ruwa.

Ina so in koyi saƙa. Da me zan fara?

Da kwarashi. Ƙugiya ɗaya ce, madauki ɗaya ne a kanta, idan kin yi kuskure sai ki ja zaren ki warware. Saƙar tsinke biyu ta fi laushi a rigar sanyi, amma idan madauki ɗaya ya zame yakan bi layi ya sauka, abin da ke sa sabuwar hannu ta yi fushi ta ajiye. Ki sayi kwarashi mai milimita 4 da zare mai matsakaicin kauri, mai haske. Baƙi da shuɗi mai duhu ba a ganin ramukansu, balle da fitilar caji.

Ki koyi sarƙa tukuna har ta daidaita, ba matsattsiya ba, ba sako-sako ba. Sannan ki saƙa ɗan murabba'i kamar tafin hannu, kina ƙirga ɗinkin kowane layi. Kusan kowace sabuwa tana tsallake ɗinkin ƙarshe, sai ta ga abin yana tsukewa ta sama. Daga nan sai hular jariri, sai safa, sai shawul. Bidiyon YouTube yana taimako, amma zama kusa da wata uwa a Zumunta ta gyara miki riƙon zare a yatsa ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Yaya zan gane zaren kirki? Duk ulu ake ce musu a kasuwa.

Yawancin abin da muke kira ulu zaren roba ne, ba gashin tunkiya ba. Ba aibu ba ne, yana da araha, yana jure wanki, asu ba ya cin sa. Idan kina son tabbatarwa, ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana. Na roba zai narke ya dunƙule ya yi baƙin ƙulli mai tauri, da warin leda. Ulu na gaske zai yi warin ƙonannen gashi, ƙullinsa ya murmushe a yatsa. Na auduga zai ci wuta kamar takarda ya bar toka mai laushi.

Ki goga zaren a wuyanki kafin ki saya, abin da ya sosa ki zai sosa jariri ninki biyu. Ki sayi duk wanda aikin zai ci a lokaci ɗaya, domin launi ɗaya daga wani rini daban yakan bambanta, sai an gama rigar ake ganin layin. Wajen wanki, ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a matse a hankali ba murɗawa, a shimfiɗa a inuwa. Idan aka rataye shi jiƙe zai miƙe, idan dutsen guga ya taɓa na roba ya lalace ke nan.

Zan saƙa wa jaririna kayan baftisma. Me ya kamata in sani?

A tsarin baftisma ana sa wa yaro farin tufafi alamar sabuwar rayuwa, a kunna masa kyandir. Farin shawul ko 'yar riga da uwa ko kaka ta saƙa ya dace sosai, kuma ana iya ajiye shi wa ƙannensa. Ikkilisiya tana so a yi baftisma cikin makonnin farko, don haka ki fara saƙar tun ciki na wata shida ko bakwai. Hular ta zama mai sauƙin cirewa domin za a zuba ruwa a kai, wuyan rigar kuma ya buɗe domin ana shafa mai a ƙirji.

Ki duba lokacin haihuwar. Ɗan hunturu a Jos ko Pankshin yana bukatar zare mai kauri. Ɗan Afrilu a Sakkwato ko Yola kuwa zaren auduga mara nauyi ya ishe shi, naɗe jariri cikin hula da safa da shawul a wannan zafi cutarwa ce. Ki taɓa bayan wuyansa, idan da gumi a rage kaya. Kada ki sa igiya a wuya ko ƙananan duwatsun ado da zai iya haɗiyewa. Abu mafi muhimmanci, kada ki ajiye kayan jariri da kafur. Yara da yawa a ƙasar nan ana haifar su da wani rauni a jini da ke sa kafur ya farfasa ƙwayoyin jininsu, ya kawo shawara mai tsanani. Wanki da shanya da jaka mai rufi sun isa. A ɗakin mai jego kuma kada a kwana da garwashi ƙofa da taga a rufe, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa.

Ina so in saƙa wani abu in ba coci. Me ake bukata?

Ki tambayi Fada ko masu kula da bagade kafin ki sayi zare, kada ki sha wahala a kan abin da ba za a iya amfani da shi ba. Mayafin da ke saman bagade fari ne. Ƙananan kyallayen da ke taɓa ƙoƙon Jibi kuma dole su zama yadi mai shan ruwa, don haka kwarashi a bakin mayafi kawai yake shiga, da siririn farin zaren auduga. Idan na adon mumbari ne, ki bi launin lokaci: shunayya a makonni huɗu na jiran Kirsimeti da lokacin azumi, fari a Kirsimeti da Ista, ja a Lahadin Dabino da Fentikos da ranakun shahidai, kore a sauran makonni.

A ra'ayina dai, bagade ba ya jin sanyi. Tabita ta Ayyukan Manzanni sura 9, da ta rasu, riguna da ta ɗinka musu gwauraye suka riƙa nuna wa Bitrus suna kuka. Hulunan jarirai a asibitin mishan, rigunan sanyi ga yaran da rikici ya raba da gidajensu, bargo ga tsohon katikis na ƙauye, waɗannan su ne na fara sawa a gaba idan Zumunta ta tambaye ni. Ragowar zare ma ba ya zama asara, kowace mace ta saƙa murabba'i biyu uku masu girma ɗaya, a haɗa su bargo.

Gaskiya ne ana iya yin Rosari da igiya kawai? Kuma halal ne in sayar?

Gaskiya ne, kuma shi ya fi dacewa da yara don ba ya tsinkewa, ana wanke shi. Ana amfani da igiyar nailan mai ɗan kauri. Kowane ƙulli ana yin sa ne ta naɗa igiyar sau uku a yatsa, a zura bakin ta ciki, a ja a hankali. Na Ubanmu a naɗa sau biyar don ya fi girma. Ƙulli 59 ne gaba ɗaya: 53 na A Gaishe Ki Maryamu, 6 na Ubanmu, sai gicciye a ƙarshe, na ƙulli ko na roba. A ƙona bakin igiyar kaɗan don kada ya warware.

Sayarwa ba laifi muddin ba a sa masa albarka ba tukuna. Mai saye shi zai kai wa Fada. Wanda aka riga aka sa wa albarka kyauta ake bayarwa, albarka ba ta da farashi.

Saƙa za ta iya zama sana'a ba tare da ta cinye gida da ibada ba?

Za ta iya, kuma muna da wadda ta riga mu. Waliyya Zeli Martin, mahaifiyar Waliyya Teresa ta Yaro Yesu, sana'ar saƙar leshi take yi a garin Alanson na Faransa, tana raba wa mata aiki a gidajensu tana biyan su. Ta haifi 'ya'ya tara, biyar suka rayu. Mijinta Luwis ya sayar da shagonsa na agogo a 1870 ya koma taya ta kasuwancin. Fafaroma Francis ya ayyana su biyun waliyyai tare ranar 18 ga Oktoba, 2015.

Inda matanmu suka fi faɗuwa shi ne farashi. Ki lissafa kuɗin zare, da maɓalli, da kuɗin mota zuwa kasuwa, sannan ki sa wa awowin da kika zauna kuɗi, ki ɗora riba. 'Yar coci ɗaya ce ba dalilin karya farashi ba ne, idan za ki yi kyauta ki yi ta da sunan kyauta. Ki karɓi rabin kuɗi kafin ki fara, musamman rigunan sanyin makaranta masu launi na musamman da ba za su sayu a wani wuri ba. Kuɗin adashi ki sayi zare da shi tun damina, kafin hunturu ya tsadar da shi, ki saƙa a Agusta da Satumba, ki baje kaya a bikin godiyar kaka na coci. Ki sa wa kanki ranar rufe karɓar aikin Kirsimeti, misali ƙarshen Nuwamba, ki faɗa wa masu saye tun da wuri. Wanda ya zo bayan nan ki ba shi haƙuri, ki rubuta sunansa a na Janairu.